Jagora Ga Maigidan Da Sana'arsa Ta Bunƙasa: Kiyaye Lafiyar Ma'aikata a Kafanchan da Kewayenta

Garin Kafanchan, kamar yadda dattawansa suka sani, hanyar jirgin ƙasa ce ta raya shi, tun wajen shekarar 1927 sa'ad da dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya iso nan ya rabu biyu, reshe guda ya nufi Kaduna, guda kuma ya haura tudun Jos. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin ma'aikatan reluwe ya saurari hirarsu, zai fahimci cewa aikin nan nasu, duk da nauyin ƙarfe da zafin tururin da ke cikinsa, bisa wani nizami mai tsanani yake tafiya: akwai mai bin dogo da ƙafa yana duba kusoshi, akwai mai tuta ja da kore, akwai usur da ake busawa kafin tarago ya motsa, akwai kuma littafin da ake rubuta abin da aka gani da abin da aka gyara, domin wanda ya karɓi aiki da dare ya san halin da na rana ya bar shi. Yau jirgi ya yi ƙaranci, abincin gari ya koma hannun masu sana'ar kansu, wato masu injin niƙa da gidajen burodi da na bulo da na ruwan leda, da masu walda da tsaga katako, da kuma 'yan kasuwar citta waɗanda ke tara ta daga Kachia da Kwoi da Kagarko da Zonkwa, su yanka, su shanya, su ɗura a buhu, su yi lodi zuwa Kano ko Legas. Da yawa daga cikin sana'o'in nan Allah ya sa musu albarka sun haɓaka, sai dai nizamin kiyaye rai da gaɓoɓin ma'aikaci bai haɓaka tare da su ba.

Sababin haka ba ɓoyayye ba ne. Sa'ad da mutum yake da inji guda da yara biyu, idonsa ya wadatar wajen tsaro, gama yana tsaye a wurin tun hantsi har magariba, ya san ƙarar injinsa, in ta sauya ya ji, in yaro ya matso kusa da bel ya daka masa tsawa. To, amma idan kasuwa ta buɗe, ya ƙaro inji na biyu da na uku, ya kama sito a wata unguwa, ya ɗauki mutum goma sha biyar, shi kuwa ya koma kai-komo tsakanin banki da kasuwa da tasha, sai a wayi gari idon nan ba ya wurin, ba a kuma aje kome a madadinsa ba. Tsarin jiya ya zama kamar rigar da aka ɗinka wa yaro yana ɗan shekara bakwai, ana so ya sa ta ranar angwancinsa. A ganina haɗari ya fi shigowa ta ƙofar canji, kuma ƙofofin huɗu ne: sabon inji, sabon mutum, sabon ɗaki, sabon kaya. Wanda ya ɗora bitar tsaronsa a kan waɗannan, ya kuma fitar da abin da ke cikin kansa ya zuba a takarda ya damƙa wa wakili, shi ne zai iya barin wurin aikinsa da kwanciyar hankali.

Akwai wata shubuha da ya kamata a kawar tun da wuri, ita ce faɗar da akan yi idan inji ya cinye hannun yaro, a ce ƙaddara ce, a rufe magana. Babu mai imani da zai musanta ƙaddara, amma malaman fiƙihu ba su taɓa ɗaukarta hujjar sakaci ba, shi ya sa suka buɗe babin lamuni da na diyya, suka rarrabe tsakanin wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa abu ya faru, da wanda ya ga sababin cuta ya kau da kai. Kiyaye rai yana daga cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma a hukuncin ijara, wanda ya ɗauki mutum aiki amfanin ƙarfinsa na wani lokaci kaɗai ya biya. Yatsunsa da idanunsa da huhunsa amana ce da zai mayar da ita gida da yamma yadda ta zo da safe. 'Yan'uwanmu Kirista, waɗanda su ne da yawa daga cikin iyayen gida da ma'aikata a wannan yanki, suna karantawa cikin Attaura, a littafin Maimaitawar Shari'a, an umarci mai gina sabon gida ya kewaye soronsa da 'yar katanga domin kada wani ya faɗo alhakin ya hau kansa. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 17, ya ambaci kiyaye lafiya da amincin duk mai aiki cikin manufofin ƙasa.

Farkon aiki shi ne a sayi littafi mai kauri, mai bango mai ƙarfi, a keɓe shi ga wannan al'amari kaɗai, kada a haɗa shi da lissafin bashi ko na albashi. Daga nan sai maigida ya zaɓi ranar da ake tsakiyar aiki, ya ɗauki wanda ya fi daɗewa cikin ma'aikatansa, su bi kaya tun daga inda mota ke sauke su har inda suke fita, suna tsayawa a kowane mataki suna tambayar abu uku: me zai iya cutar da mutum a nan, wa zai cutu, me aka tanada domin hana haka. Kada a yi zagayen ranar hutu, domin wurin aiki a rufe ba ya nuna aibinsa. Sai injuna suna ruri, ƙura ta tashi, 'yan dako suna gilmawa da buhu a ka, sannan ake ganin wayar da ke kwance a hanya da ramin da kowa ya saba tsallakewa. Kuma maigida ya yi haƙuri ya saurara fiye da yadda yake magana, gama wanda ke tsaye gaban inji sa'a takwas ya san halayensa da mai shi bai sani ba. Duk abin da aka gani a rubuta shi, tare da kwanan wata da sunan wanda zai gyara da ranar da za a gama.

Wajen gyara kuwa akwai tartibi, kuma mutane da yawa suna farawa daga ƙarshensa. Da zarar an yi maganar tsaro sai a tafi kasuwa a sayo safar hannu da hular kwano a raba, a ɗauka an sauke nauyi, alhali kuwa kayan sawa su ne mataki na ƙarshe kuma mafi rauni, domin ranar da zafi ya tsananta ma'aikaci zai tuɓe su. Abin da ya fi shi ne a kawar da haɗarin ɗungurungum in da hali, kamar a fitar da janareto daga ɗakin aiki, ko a daina ajiye fetur kusa da tanda. In ba ya kawuwa, a shiga tsakaninsa da mutum da shamaki: bel da ƙafafun da yake juyawa a kansu a rufe su da raga ta ƙarfe wadda kowane mai walda a gari zai iya ƙerawa cikin yini guda, bakin injin yanka citta kuma a tsawaita masa mazurari yadda hannu ba zai kai ga wuƙa ba, a aje sandar turawa a rataye kusa da shi. Bayan haka sai ƙa'idar aiki, sannan kayan sawa. A cikin ƙa'idojin, ta tufafi tana da muhimmanci ƙwarai a ƙasarmu, domin babbar riga da gyale da hijabi mai tsawo da bakin zane duk bel yana iya fizgarsu cikin ƙiftawar ido. Sai a tanadi rigar aiki mai kama jiki ga maza, mata kuma a yi musu wadda ta suturta su ba tare da wani gefe yana reto ba, a kuma ba su wurin canzawa na mutunci.

Inji shi ne ƙofa ta farko, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin akwai wani haɗari da ya keɓanta da irin wutar lantarkinmu, wanda littattafan ƙasashen waje ba su cika kula da shi ba. Ana cikin niƙa sai a ɗauke wuta, inji ya tsaya da hatsi a maƙogwaronsa, makunninsa kuwa yana nan a kunne domin ba wanda ya tuna da shi. Yaro ya ga dama ta samu, ya buɗe murfi ya zura hannu yana ƙwaƙulo abin da ya toshe, ko ya kama bel yana gyara masa zama. Ana haka sai a kawo wuta, ko wani a bayan gida ya tayar da janareto ya sauya layi bai san akwai hannu a ciki ba. Ba a yi wa kowa sallama. Maganin wannan ƙa'ida biyu ce, kuma ina ganin ya wajaba a rubuta su da manyan baƙaƙe a bangon kowane gidan inji. Ta farko, da zarar an ɗauke wuta, kafin kowa ya zauna ko ya fita shan iska, a bi kowane inji a kashe makunninsa. Ta biyu, duk wanda zai sa hannu cikin inji, ko don gyara ko don shara, shi da kansa zai kashe babban makunni, ya zare fis ya sa a aljihunsa, ko ya datse akwatin da kwaɗo ya riƙe mabuɗin, kuma ba mai mayarwa sai shi. Kada ya dogara da cewa ya gaya wa wane, domin wane yana iya tafiya salla ko cin abinci, wani ya zo bai ji ba. Idan injuna suka yawaita, ya dace a nemi ƙwararren mai aikin lantarki ya sa irin makunnin da ke sakin kansa idan wuta ta ɗauke, wanda ba ya komawa sai an danna shi da hannu, ya kuma duba ko wayoyin da aka ja domin inji guda za su iya ɗaukar uku, gama waya mai ɗumi a hannu gobara ce ke sallama. Masu injunan da suka daɗe a ajiye tun bayan annobar da ta lalata citta a shekarar 2023, su sani tsatsa da ɓeraye sun yi aikinsu a ciki, a warware a duba kafin a kunna.

Sabon mutum shi ne ƙofa ta biyu, kuma makonninsa na farko su ne mafi haɗari, musamman leburorin kaka da ake ɗauka da safe a sallama da yamma. Kada a bar kowa ya taɓa inji sai an zagaya da shi, an nuna masa inda ake kashewa kafin inda ake kunnawa, an nuna masa ƙofar fita da akwatin agaji, sannan a haɗa shi da wani tsohon hannu na 'yan kwanaki, a rubuta sunansa da ranar da aka koya masa a littafi. Wurin aiki guda a Kafanchan yana iya haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Bahaushe da Ibo, saboda haka a yi bayani da Hausar da kowa ke ji, a sa shi ya maimaita da bakinsa kuma ya gwada da hannunsa, alamun bango kuma su kasance da zane, domin takardar Turanci da aka liƙa ba ta tsare wanda ba ya karanta ta. Game da yara kuwa, Dokar Ƙwadago ta hana sa wanda bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, kuma kasancewarsa ɗan ɗan'uwa ko ɗan maƙwabci da aka kawo koyon sana'a ba ya rage kaifin wuƙar inji.

Sabon ɗaki yana zuwa da nasa. Wanda ya kama sito yakan fara tunanin ɓarawo, ya sa ƙyauren ƙarfe da sanduna a taga, ya bar ƙofa ɗaya tak, ita ma buhuna su cinye rabinta. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata masu yawa suka hallaka domin an kulle su a ciki. A shekarar 2020 kuma 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da 100 daga wata masana'antar shinkafa a Kano inda aka hana su fita na tsawon watanni. Kulle ƙofa a kan mutum yana aiki zalunci ne ko da ba a yi gobara ba. Duk ɗakin da mutane ke aiki a ciki ya sami mafita biyu a ɓangarori daban, masu buɗewa waje, a shata layi da fenti a ƙasa inda ba a yarda buhu ya tsallaka ba. Sai kuma batun maigadi, wanda sau da yawa a cikin siton yake shimfiɗa tabarmarsa: ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhunan masara da wake tana sakin iska mai kisa, hayaƙin janareto kuma yana da guba marar wari da ke kashe mai barci bai farka ba, saboda haka a gina masa ɗakinsa daban, janareto kuma ya zauna a fili nesa da taga. Inda hatsi yake ɓera na zuwa, ɓera kuwa yana kawo zazzaɓin Lassa, maciji ma yana biyo shi, sai a ɗora buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango, a haskaka lungu.

Sabon kaya kuwa haɗarinsa yakan tsallake katanga ya sami wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ranar 4 ga Janairu, 2020, wani shagon ɗura gas ya fashe a Sabon Tasha ta Kaduna, a kan hanyar da mutanenmu ke bi zuwa Kachia, ya kashe mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba shi da wata alaƙa da shagon face kasancewa kusa da shi a wannan sa'a. A Zamfara kuma, a shekarar 2010, yara kimanin 400 suka rasu da gubar dalma, domin an shigo da duwatsun zinariya cikin gidaje ana niƙa su da irin injunan da ake niƙa hatsi. Saboda haka mai gidan burodin da ya bar itace ya koma gas, ko mai shagon da ya fara sayar da maganin feshi, ko mai niƙan da aka kawo wa dutsen ma'adini, ya sani ya shiga wata sana'a ce dabam, mai ilminta da izininta. Ya karanta takardar da ke jikin kayan, ya tambayi wanda ya sani, kada ya juye magani a gorar lemo ko ta ruwa, kada ya kwantar da tukunyar gas ko ya aje ta a rana, in yana zargin yoyo ya gwada da ruwan sabulu, ya nisanci ashana.

Akwai kuma cutar da ba ta zubar da jini, wadda saboda haka ba a lissafa ta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta sababin aikinsu, kuma mafi yawansu cuta ce ke kashe su a hankali, waɗanda haɗarin farat ɗaya ke kashewa su ne kaɗan. Ƙurar siminti da ta dutse da ta katako da ta busasshiyar citta suna taruwa a ƙirji shekara da shekaru, sai a yayyafa ruwa kafin shara, a buɗe tagogi ta fuska biyu, a ba da takunkumi na ainihi mai kama fuska, gama ƙyallen da ake ɗaurawa ba ya tare ƙura mai laushi. Idan mutum biyu suna tsaye kamu ɗaya ko biyu tsakaninsu amma sai sun ɗaga murya suke jin juna, ƙarar wurin ta isa ta kurmantar, a nemi abin toshe kunne a kuma riƙa musanya masu tsayawa gaban injin. Buhun masara mai kilo 100 da ake ɗora wa mutum guda ya kusa ninka kilo 55 da ƙungiyar nan ta ba da shawara tun 1967 cewa kada a wuce. Baro da katakon gangara da ɗauka mutum biyu sun fi arha a kan bayan da ya lalace.

Duk wannan ba zai ɗore ba sai an naɗa wakili. Da zarar ma'aikata sun kai goma, ko wurin aiki ya zama biyu, a zaɓi mutum mai natsuwa wanda ake jin maganarsa, a sanar da kowa a gaban maigida cewa an ba shi ikon tsayar da inji in ya ga haɗari, ko da mota na jiran lodi. Shi zai riƙe littafin, ya yi gajeren zagaye kowace safiya, ya tara mutane na minti goma a farkon mako. Wani aiki nasa mai daraja shi ne rubuta abin da ya kusa faruwa bai faru ba. Duk ranar da aka ji wani ya ce saura ƙiris, ko aka yi ta cewa Allah ya kiyaye, to akwai abin rubutawa, domin buhun da ya faɗo bai sami kowa ba yau, gobe akwai mai wucewa. Amma sharaɗi ne kada a hukunta wanda ya kawo labari, in ba haka ba kowa zai yi shiru, maigida ya zauna cikin duhu yana zaton lafiya.

Yanzu sai haƙƙin hukuma. Dokar Masana'antu ta 1987 ba ta taƙaita ga manyan kamfanoni ba, ta shafi wuraren da ake ɗaukar mutane aiki domin ƙera kaya ko sarrafa su ko gyara su don neman riba. Ta wajabta yin rajista da sashen duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da ofishi a Kaduna, ta kuma wajabta sanar da su idan bayanan da aka bayar suka canza, wanda shi ne abin da masu bunƙasa suka fi mantawa. Ta yi hukunci a kan tsabta da iska da haske da makewayi da ruwan sha da wurin wanke hannu da akwatin agaji, da rufe sassan inji masu juyawa, da horar da sabon ma'aikaci, da sa ƙwararre ya riƙa gwada sarƙoƙin ɗaga kaya da tukwanen tururi da na matsattsiyar iska lokaci zuwa lokaci. Ta hana cunkoso da wani awo wanda, in aka buga shi, ɗaki mai tsawon ƙafa 20 da faɗin ƙafa 20 da bisa ƙafa 10 ba zai wuce mutum 10 ba. Haɗarin da ya kashe mutum, ko ya hana shi aikinsa fiye da kwana 3, wajibi ne a kai rahotonsa ga sufeto, kuma sufeto yana da ikon ba da takardar umarnin gyara ko ta dakatar da aiki. Gaskiya ne tarar da dokar ta yanka ta tsufa, ba ta tsoratar da kowa a kuɗin yau, sufetoci kuma kaɗan ne. Amma ni ina ɗaukar dokar a matsayin ma'aunin da mutum zai auna kansa da shi ko ba wanda ya zo.

Dokar da na fi kwaɗaitar da masu sana'a a kanta ita ce ta diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. Maigida yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata, daga aljihunsa, ba tare da ya cire daga haƙƙin ma'aikaci ba, asusun kuma shi ke ɗaukar magani da diyya idan an ji rauni ko an kamu da cutar aiki ko an rasu. Ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, har da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Sai dai tana da wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya sanar da hukumar cikin kwana 7, mutuwa kuwa nan take, neman diyya kuma cikin shekara guda. Kowane sabon ɗauka a ƙara sunansa, domin jerin sunayen bara ba ya amfanar wanda ya zo bana. Idan ma'aikata suka kai 15, dokar fansho ta 2014 ta hau kan maigida, tare da inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Masu burodi da ruwan leda suna da NAFDAC da duba-gari, masu gas da fetur suna da hukumar da ke ba su lasisi, mai ƙara gini yana da hukumar tsara birane ta KASUPDA, mai zubar da dagwalo yana da hukumar kare muhalli ta KEPA. A keɓe shafin farko na littafin a jera kowace takardar izini da ranar ƙarewarta, a fara neman sabuntawa wata biyu kafin lokaci.

Bayan bitar da canji ke jawowa, a sa wa shekara tashoshinta bisa yanayinmu. Kafin kaka, wajen Oktoba, a duba injuna da shamakansu, a shirya karɓar sababbin hannu. Da shigowar hunturu a juya ga gobara: a share ciyawar bayan katanga, a cika bokitan yashi, a duba allurar abin kashe gobara tana kan kore, a sa mutane su gwada shi da hannunsu, a tuna musu ba a zuba ruwa a wutar mai ko ta lantarki, a kuma rubuta lambar 'yan kwana-kwana a bango. Da bazara a kula da ruwan sha da inuwa da hutu, in azumi ya faɗo a ciki a mayar da aiki mai nauyi zuwa sanyin safiya. Kafin damina a hau rufi a toshe yoyon da ke sauka kan waya, a yashe magudana. Ranar 28 ga Afrilu, wadda duniya ta keɓe domin lafiya da aminci a wurin aiki, ta dace da zaman shekara, inda maigida da wakili za su karanta littafin daga farko, su ga abin da aka yi alkawari ba a cika ba.

In kuwa duk da haka abu ya faru, minti goma na farko suna da nauyi. A kashe wuta kafin a taɓa wanda lantarki ya kama. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, a bar man ja da ɗanyen ƙwai da man goge baki. Jini a danne shi da tsabtataccen ƙyalle a ɗaga gaɓar sama. Yatsan da ya guntule a naɗe shi da ƙyalle mai danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai shi. Wanda ya faɗo daga bisa kada a ciccibe shi a kan babur. Tun kafin ranar a san asibitin da za a nufa, a san motar da za ta kai, a aje kuɗin gaggawa a hannun wakili, domin kada a tsaya neman maigida a waya jini na zuba. Aƙalla mutum biyu a kowane wurin aiki su koyi taimakon farko, ƙungiyar Red Cross da ma'aikatan jinya na gari suna koyarwa. Bayan an dawo daga asibiti, kafin a sake kunna injin, a zauna a binciki sababi a rubuta, a gyara.

Na san Kaduna da nisa, kuma mai inji uku ba zai iya ɗauko sufeto ko mai horarwa shi kaɗai ba. Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin sana'a na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, na masu niƙa da na 'yan citta da na masu burodi da bulo da walda, su haɗa kuɗi su gayyato jami'an Ma'aikatar Ƙwadago da na NSITF da 'yan kwana-kwana sau ɗaya a shekara kafin kaka, a yi rajista a wuri guda, a horar da wakilai a zama guda, su kuma sa rufe bel da raga ya zama sharaɗin zama ɗan ƙungiya.